Harajin VAT a gaban kotu: jiha ce ke da ikon karɓa ko tarayya?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masana shari'a da ke cikinmu. Tun lokacin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a watan Oktoban 2024 suka ce ba su amince da sabon tsarin rabon VAT ba, wato harajin da ake ɗorawa a kan kaya da hidima idan an saya, abin da nake ta ji a bakin mutanenmu shi ne wai kotu ta riga ta raba gardama tun 2021, gwamnatin tarayya ce ke da ikon karɓar wannan haraji, magana ta ƙare. Abokan cinikinmu na Kudu kuma suna cewa a'a, jihohi kotu ta bai wa gaskiya, ƙarfin Abuja ne ya danne hukuncin. Ba zai yiwu duka biyun su zama gaskiya ba. Don Allah wanda ya san yadda abin yake ya fayyace mana, saboda mu ne muke ɗora wa mai saye kashi 7.5 ɗin nan, mu ne kuma za a kama in an biya wanda bai kamata ba.

Baristan Zariya: Wa alaikumus salam Alhaji. Kowane ɓangare rabin labarin ya riƙe.

Ranar 9 ga Agustan 2021, Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal, ƙarƙashin Mai Shari'a Stephen Pam, ta yanke hukunci a ƙarar da jihar Ribas ta shigar da hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, da Antoni Janar na tarayya. Alƙalin ya duba jerin abubuwan da kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Majalisar Tarayya ita kaɗai, ya ga lamba 58 harajin hatimi ce, lamba 59 kuma harajin kuɗin shiga da riba da ribar sayar da kadara. Babu VAT a ciki, babu harajin saye da sayarwa. Ƙa'ida kuwa ita ce duk abin da kundin bai ba tarayya ba, na jihohi ne. Sai ya ce Ribas ce ke da ikon karɓar VAT a cikin iyakarta. Abokan cinikinka a nan suka tsaya, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Bayan kwana 10 Gwamna Wike na Ribas ya sa hannu a dokar VAT ta jiharsa. FIRS ta koma wurin alƙalin nan ta roƙi ya dakatar da aiwatar da hukuncin har a ji ɗaukaka ƙara, ya ƙi. Legas ma ta yi tata dokar, Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu ranar 10 ga Satumba. A wannan ranar ce Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja, a zaman da Mai Shari'a Haruna Tsammani ya jagoranta, ta ce kowa ya tsaya inda yake kafin rigimar ta taso. Da wannan umarni FIRS ta ci gaba da karɓa. Mutanenmu kuma a nan suka tsaya.

To amma umarnin a tsaya inda ake ba hukunci ba ne a kan wanda ke da gaskiya. Kotu takan ba da shi ne don kada abin da ake jayayya a kai ya lalace kafin a saurari shari'ar. Duk wanda ya ce maka a ranar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce Pam ya yi kuskure, bai karanta abin da aka rubuta ba.

Ɗan Kwari: Ikon Allah. Ke nan a kan umarnin wucin gadi muke zaune muna murna?

Baristan Zariya: A wannan shari'ar ta Ribas, abin da aka samu a watan Satumban 2021 ke nan, Alhaji. Akwai wasu hukunce-hukuncen da suke ƙarfafa gwiwar tarayya, za mu zo kansu.

Tsohon Akawu: Bari in sa baki, don ina bakin aiki aka kawo harajin nan. Kafin VAT, harajin sayarwa ake karɓa, na dokar soja ta 1986, kuma jihohi ne ke tattara shi. A 1993 aka yi dokar soja mai lamba 102, aka soke wancan aka kawo VAT a kashi 5, aka fara aiki da shi gadan-gadan a Janairun 1994. Zamanin soja babu wanda zai tambayi shugaban ƙasa a wane sashe na tsarin mulki ya samo ikonsa. Dokar soja ita ce sama da komai. Fahimtar da aka yi a lokacin ita ce tarayya za ta tattara a madadin jihohi, shi ya sa har yau kaso mafi tsoka jihohi da ƙananan hukumomi ake bai wa. Da aka zo rubuta kundin 1999 sai aka bar VAT ba a sa shi a jerin kowa ba. Ni ban taɓa yarda cewa mantuwa ce kawai ba, amma ko ma mene ne, ramin da aka bari ke nan, shi muke ta faɗawa.

Ɗalibar Shari'a: Allah ya ƙara lafiya Baba. Barista, ina neman izini in yi ja da kai a wuri ɗaya. An koya mana cewa hukuncin Kotun Ƙoli yana ɗaure duk kotun da ke ƙasa da ita, sashe na 287 na kundin tsarin mulki ma ya faɗa. A Disambar 2017 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin gwamnatin Legas da Eko Hotels, ta ce dokar VAT ta riga ta mamaye fagen, don haka Legas ba za ta karɓi harajin sayarwa a kan kaya ɗaya ba, zai zama haraji biyu a kan abu guda. To ta yaya alƙalin Babbar Kotun Tarayya zai zo bayan shekara huɗu ya ce dokar VAT ɗin ma ba ta da tushe? Ni a ganina ya tsallake na gaba da shi ne.

Baristan Zariya: Tambayarki ita ce zuciyar maganar, ƙanwata, kuma hujjar da masu goyon bayan tarayya suka fi riƙewa ke nan.

Abin da ke ɗaure kotun ƙasa ba duk kalmar da ta fito daga bakin alƙalan sama ba ce. Abin da ke ɗaure ta shi ne dalilin da aka gina hukunci a kai, a kan tambayar da aka kawo gabansu. Dubi yadda shari'ar Eko Hotels ta faro. Otal ɗin ya tara kuɗin haraji daga hannun baƙinsa, hukumar tarayya ta ce nawa ne, Legas ta ce nawa ne. Sai otal ya tafi kotu ya ce a faɗa mini wanda zan miƙa wa. An ɗauki fiye da shekara 10 kafin maganar ta ƙare a Kotun Ƙoli. Tambayar da aka amsa ita ce: ga dokoki biyu suna aiki, wacce za a bi? Aka ce ta tarayya. Ba a gina shari'ar a kan ko Majalisar Tarayya tana da ikon yin dokar VAT tun asali ba. An ɗauke ta a matsayin dokar da aka tarar tana aiki, wadda sashe na 315 ya bar ta da rai. Ribas kuwa wannan tambayar ta asali ta kawo. Shi ya sa masu kare hukuncin Fatakwal suke cewa alƙalin bai saɓa wa kowa ba, ya amsa abin da ba a amsa ba ne.

Ɗalibar Shari'a: Amma Barista, dokar da ba ta da tushe ai ba za ta mamaye fage ba. Sashe na 4 ya ce dokar jiha tana faɗuwa ne idan ta ci karo da dokar da Majalisar Tarayya ta yi bisa ƙa'ida. In Kotun Ƙoli ta ce dokar Legas ta faɗi a gaban dokar VAT, ai ta amince da ingancinta ke nan ko ba ta furta ba.

Baristan Zariya: Hujja ce mai ƙarfi, kuma da ni ne lauyan FIRS da ita zan buɗe baki. Duk da haka ina nan a kan bakana: abin da kotu ta ɗauka a matsayin haka yake, ba tare da an yi jayayya a kansa ba, bai kai ƙarfin abin da ta zauna ta auna ta yanke ba. Kuma kada ki manta akwai wani hukuncin Kotun Ƙolin da ya girmi wannan. A 1985, shari'ar gwamnatin Ogun da Aberuagba, an duba dokar harajin sayarwa da Ogun ta yi a 1982. Kotun ta ce jiha ba ta da ikon ɗora haraji a kan cinikin da ya ƙetare iyaka tsakanin jihohi ko tsakanin ƙasashe, wannan na tarayya ne, amma tana da ikon yin dokar haraji a kan cinikin cikin gidanta. Ga hukunci biyu daga kotu ɗaya, kowane ɓangare ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi. Lauyan jiha ya ɗaga Aberuagba, lauyan tarayya ya ɗaga Eko Hotels.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an sami damar kashe wutar nan aka bar ta. Legas ta kai ƙara kai tsaye Kotun Ƙoli a 2008 tana cewa a soke dokar VAT. Aka riƙe shari'ar har 2014, sannan kotun ta ce ba ta da hurumin saurarenta a matakin farko, rigima ce a kan kuɗin shigar tarayya da aikin hukumar tarayya, don haka a tafi Babbar Kotun Tarayya kamar yadda sashe na 251 ya tanada. Shekara shida, ba a taɓa gundarin maganar ba.

Malam na Gusau: Barista, Allah ya saka da alheri. Ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne. A fiƙihu mun san ijtihadi ba ya warware ijtihadi. An ruwaito Sayyidina Umar ya yi hukunci a wata mas'alar gado, bayan wani lokaci irinta ta sake zuwa ya yi hukunci daban, da aka tuna masa sai ya nuna cewa wancan yana nan a kan yadda aka hukunta shi, wannan kuma a kan yadda ake hukuntawa yanzu. Alƙali yana bin nassi ne da abin da ya rinjaya a mazhaba, ba hukuncin alƙalin jiya ba. Ku kuma kun ce naku tsarin a kan bin hukuncin baya aka gina shi domin kowa ya san makomarsa tun kafin ya shiga kotu. To ga shi kun ce hukunci biyu suna kallon gabas da yamma. Ina amfanin?

Baristan Zariya: Allah ya gafarta Malam, amfanin yana nan, amma daga sama yake gangarowa ƙasa, ba ya tafiya a kwance. Alƙalin Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ba dole ne ya bi takwaransa na Abuja ba, zai dai iya dubawa ya gamsu ko ya ƙi gamsuwa. Bari in kawo misalin da ya shafe mu kai tsaye. A 2017 Kano ta yi gyara a dokar tattara kuɗin shigarta, ta sa harajin kashi 5 a kan abin da aka saya a otal-otal, gidajen abinci da manyan kantuna. Ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta NECA ta kai ƙara. A 2018 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, Mai Shari'a John Tsoho, ta soke wannan ɓangaren dokar, ta ce VAT ya riga ya rufe wurin. Shekara ɗaya bayan haka, a 2019, wannan kotun dai, reshen Legas, Mai Shari'a Rilwan Aikawa, a ƙarar ƙungiyar masu otal ta Legas, ta ce dokar harajin otal da gidajen abinci ta Legas tana nan daram, FIRS ce ma za ta janye hannunta daga wurin. Kotu ɗaya, haraji iri ɗaya, Kano ta faɗi, Legas ta ci. Sai a 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin na Legas, ta mayar wa FIRS ikonta. A nan tsarin ya yi aikinsa, na sama ya daidaita na ƙasa. Illarsa jinkiri. Tsakanin 2019 da 2022 mai otal a Legas da mai otal a Kano ba doka ɗaya suke bi ba.

Malam na Gusau: Na fahimta. Ke nan wannan na 2022 yana cikin abin da ka ce yana ƙarfafa tarayya.

Baristan Zariya: Ƙwarai kuwa, kuma ya fi na Fatakwal matsayi.

Abban Fatakwal: Ni a nan nake zaune ina sana'ar albasa, kuma ina gari aka yi wannan dambarwar. Ku kuna maganar sashe kaza, mu kuwa gori muka sha. Kullum a rediyo da bakin kasuwa maganar ɗaya ce: wai Hisbah tana farfasa kwalaben giya a Kano, amma in an zo rabon VAT ɗin giya sai Kano ta miƙa hannu. Gwamnansu ya fito da alƙaluma ya ce a watan Yunin 2021 Ribas ta tara naira biliyan 15 aka ba ta biliyan 4.7, Kano ta tara biliyan 2.8 aka ba ta biliyan 2.8. Wallahi akwai ranar da wani mai sayen kayana, mutumin da muka daɗe muna mutunci, ya tsaya yana ƙirga kuɗin buhu biyu a hannuna, ya ɗago kai ya ce, ku dai mu ne muke ciyar da ku. Na rasa abin da zan ce masa. Ga buhunan albasar Aliero jibge a bayana, amma ba ni da amsa.

Maman Ilham: Yayana, amsar tana bayanka a ranar. Aikina ke nan, ina cike wa kamfanoni takardun VAT duk wata, bari in faɗa maka yadda alƙaluman nan suke haɗuwa.

Na farko, abincin yau da kullum ba a ɗora masa VAT. Albasarka, shinkafa, masara, wake, tumatir, nama, duk babu. An yi haka ne don sauƙaƙa wa talaka, kuma daidai ne. Amma sakamakonsa shi ne mafi yawan abin da Arewa take nomawa ta ciyar da ƙasa ba ya bayyana a lissafin VAT ko kaɗan. Na biyu, a tsohon tsari kamfani yana biyan VAT ɗinsa ne a dunƙule daga hedikwatarsa. Mutumin Gusau ya sa kati a wayarsa, ya biya kashi 7.5 daga aljihunsa, amma kuɗin a Legas za a rubuta shi domin can ofishin kamfanin yake. Haka kuɗin hidimar banki, haka siminti, haka lemon kwalba. Saboda haka in aka ce jiha kaza ta tara kaza, yawanci ana nufin a can aka miƙa kuɗin, ba wai mutanenta ne kaɗai suka biya ba.

Amma ba zan rufe ido a kan namu ba. Yawancin cinikinmu ba ya cikin rajista. Babu rasit, babu littafi, kuɗi hannu da hannu. Wannan ba Wike ne ya jawo mana ba. Maganar giya kuwa, in har ana son a raba kuɗinta daban, ni ba ni da ja, a raba, za a ga ba ita ce ke riƙe da asusun ba.

Ɗan Kwari: Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A ce an bar wa jihohi, ni da nake sayo kaya a Legas in kawo Kano, yaya zan yi?

Maman Ilham: Kai ne za ka fi kowa shan wuya, Alhaji. VAT ana cire abin da ka biya lokacin saye daga abin da ka karɓa lokacin sayarwa, ka miƙa ragowar. Yana tafiya lafiya ne saboda asusun ɗaya ne. In ka biya Legas a sari, ka zo Kano ka sayar, Kano za ta ce ka ba ta nata cikakke, don ba ita ta karɓi na farko ba, ba za ta rage maka abin da bai shiga aljihunta ba. Ga shi kuma dokar da Legas ta yi kashi 6 ta sa, ta Ribas kashi 7.5. Ka ƙaddara jihohi 36 kowacce da nata. Kuma ko a bisa hukuncin Aberuagba da Barista ya kawo, cinikin da ya ƙetare iyakar jiha ba na jiha ba ne, VAT ɗin kayan da aka shigo da su daga waje, wanda kwastam ke karɓa a tashar ruwa, shi ma haka. Ko da jihohi sun ci shari'ar gaba ɗaya ba duka kuɗin za su kwashe ba.

Ɗalibar Shari'a: To ai wannan ma hujja ce da ya kamata kotu ta duba, Anti. Hukuncin da ba zai aiwatu ba, me ya sa za a yanke shi?

Baristan Zariya: A nan ba na tare da ke. Alƙali ba ministan kuɗi ba ne. Idan kundin tsarin mulki bai ba tarayya iko ba, wahalar aiwatarwa ba za ta haifar mata da ikon ba. Gyaran kundin aikin majalisa ne. Kuma in muka yarda alƙali ya riƙa lanƙwasa kundi saboda abin ya fi mana sauƙi yau, gobe za a lanƙwasa shi a kanmu da wannan madogarar da muka yi wa tafi.

Tsohon Akawu: Wannan gaskiya ne. Kuma ku sani ita kanta Babbar Kotun Tarayyar don irin wannan aka kafa ta. A 1973 aka buɗe ta da sunan kotun kuɗin shigar tarayya, sai a 1979 aka canza mata suna aka faɗaɗa ta. Haraji ne asalin aikinta, zaɓe da sauransu daga baya suka zo suka cika mata tebur.

Abban Fatakwal: Baba, mu ƙananan 'yan kasuwa fa? In aka aiko wa mutum takardar haraji da kuɗin da ya fi ƙarfinsa, ita wannan babbar kotun zai nufa? Wani ɗan'uwana an taɓa kawo masa takarda, ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin tabarmar shago yana cewa zai nemi wanda ya san wani. Sai da aka zo da kwaɗo za a rufe shagon ya tuna da ita.

Maman Ilham: Innalillahi. Kuskuren da ya fi kashe mutanenmu ke nan. Ba kotu ake fara zuwa ba. Daga ranar da takardar ta shiga hannunka kana da kwana 30 ka rubuta cewa ba ka yarda ba, ka faɗi dalili, ka haɗa da rasit da bayanin banki, ka tabbatar an buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In ka yi shiru kwanakin suka wuce, kuɗin ya tabbata a kanka ko da an zalunce ka a lissafin. In ka rubuta suka ƙi gyarawa, kana da wasu kwana 30 ka kai ƙara kotun sauraron ƙorafin haraji. Ta Arewa maso Yamma tana Kaduna, ta Arewa maso Gabas tana Bauchi, akwai a Jos da Abuja. Akantanka ma zai iya tsaya maka a can. In ba ka gamsu ba sai Babbar Kotun Tarayya, amma a kan fassarar doka kawai, ba za a sake ƙirga maka buhuna ba. Daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai Kotun Ƙoli.

Baristan Zariya: In ƙara a kan na Hajiya, ita ma wannan kotun ƙorafin sai da aka yi shari'a a kan halaccinta. Dokar FIRS ta 2007 ce ta kafa ta. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar kamfanin TSKJ, ta ce ta shiga gonar da sashe na 251 ya keɓe wa Babbar Kotun, don haka ba ta da hurumi. Wani alƙalin a Legas ya ce tana da shi. Aka yi shekaru lauyoyi ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba, har 2017 da Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar kamfanin mai na CNOOC, ta ce ba kishiyar kotu ba ce, matakin gudanarwa ne da ake bi kafin a isa kotu. Tun daga nan aka sami natsuwa. Sannan a 2021 aka fito da ƙa'idar cewa sai ka ajiye rabin kuɗin da ake jayayya a kai kafin a saurare ka. Babban lauya Joseph Daudu ya ƙalubalance ta, a Nuwamban 2023 Mai Shari'a James Omotosho ya soke ta, ya ce ta tauye haƙƙin a saurari mutum. Wannan hukuncin ya fi amfanar ɗan kasuwa irin ɗan'uwan Abba fiye da duk rigimar gwamnoni.

Ɗan Kwari: Madalla. To yanzu da Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, aka canza wa FIRS suna, ba shi ke nan an rufe babin ba?

Maman Ilham: Ta fuskar rabo an sasanta. Da tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Yanzu tarayya 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. Kason jihohi kuma rabi a raba daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya, ba inda hedikwata take ba. Kwamitin gyaran haraji na Taiwo Oyedele kashi 60 ya nema a wannan na ƙarshen, shi ne abin da su Gwamna Zulum na Borno suka tayar wa jijiyar wuya. Harajin kansa an bar shi a 7.5. Ni ina ganin lissafi bisa inda aka ci kaya ya fi mana adalci, in dai za mu riƙa ba da rasit ana rubuta inda aka sayar.

Baristan Zariya: An sasanta rabo, ba a taɓa tambayar Pam ba. Sabuwar dokar ma Majalisar Tarayya ce ta yi ta, da kundin nan dai da babu VAT a lamba 58 da 59. Duk gwamnan da ya ga rabon bai yi masa ba zai iya tura Antoni Janar ɗinsa Babbar Kotun Tarayya da hujjar da Ribas ta kai. Abin da nake so lauyoyin gwamnatocinmu su gane ke nan. A 2021 Legas ba ta tsaya surutu a jarida ba, ta nemi a sa ta cikin shari'ar a Kotun Ɗaukaka Ƙara, aka kuma sa ta. Jihar da kasafinta ya dogara da wannan kuɗin ta fi kowa buƙatar a ji ta bakinta a gaban alƙalai, da hujjar doka da alƙaluman da Hajiya ta zayyana, ba da roƙon a tausaya ba.

Ɗalibar Shari'a: Ni har yanzu ina ganin in maganar ta je gaban Kotun Ƙoli gaba da gaba, Eko Hotels za ta bi. Amma na yarda dogaro da hasashe ba tsari ba ne. Me zai hana a sa VAT a jerin tarayya a huta?

Baristan Zariya: An gwada. A watan Maris na 2022, lokacin gyaran kundin tsarin mulki, an kawo ƙudurin, bai sami ƙuri'un da ake buƙata a majalisa ba. Sashe na 9 yana neman kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince.

Tsohon Akawu: Mu jihohin Arewa 19 ne. Ko da duka mun haɗa kai, wanda shi ma aiki ne, sai an samo biyar daga Kudu.

Abban Fatakwal: Baba, biyar ɗin nan ba za su gagara ba in an nema da gaske. Ba duk Kudu ce Legas da Ribas ba. A 2021 ɗin ma Gwamna Umahi na Ebonyi fitowa ya yi fili ya ce shi yana tare da tarayya ta ci gaba da karɓa, don ya san abin da jiharsa za ta tara ita kaɗai. Akwai irinsa da yawa da suka yi shiru a lokacin. Su ya kamata gwamnoninmu su fara zama da su.